Motar da Ba Ta Kuka a Gaban Bakanike

Duk wanda ya saba zirga-zirga tsakanin Kontagora da kasuwannin ƙauye ya san Baba Jumare, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai shuɗiyar a-kori-kura, wanda ba ya barin kowa ya shiga gaban motarsa sai ya kakkaɓe takalmi. 'Yan tasha suna kiransa Baba Tsafta a bayan idonsa. Ya sani sarai, bai kuma taɓa damuwa ba, don a wurinsa wannan ba zagi ba ne.

A wata ruga can wajen Kumbashi aka haife shi. Tun gemu bai fito masa ba ya gane shi da kiwo ba za su shirya ba, ya miƙa wa ƙannensa sanda, ya bi wata babbar mota mai ɗaukar hatsi ya zama karen mota. Ubangidan da ya koya masa tuƙi mutum ne mai saurin hannu, ya sha mari a wurinsa har ya gode Allah, amma ya fito da tarbiyyar da ya riƙe har tsufa. Kayan mutane amana ne, in ji ubangidan, daga inda aka ɗora su sai inda za a sauke, ba a ratsewa da su ko'ina, balle a kai su gareji cikin maiƙo da 'yan kallo. Mota kuma ba a kai ta wurin bakanike da dauɗa, kamar yadda mai hankali ba ya zuwa gaban likita bai yi wanka ba. Saboda haka ko noti ɗaya za a ɗaure wa motar Jumare, sai ya sauke kaya tukuna, ya kai ta an wanke ta ciki da waje, an fesa mata baƙin mai a ƙasa tana ƙyalli, sannan ya nufi gareji.

Ya yi ta tuƙa motocin mutane har furfura ta fara leƙowa kafin Allah ya ba shi tasa. Ko lokacin da ya saye ta ba yarinya ba ce, amma da ita ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'yansa mata, ya buɗe wa babban ɗansa Zulkiflu shagon ɗinki. Da kaka ya ɗauko dawa da masara daga Rijau, lokacin doya ya nufi Mashegu, da damina ya yi ta jigilar takin zamani zuwa ƙauyuka. Rauninsa ɗaya ne, bai iya cewa a'a ba. Mota ta cika maƙil, sai wani ya marairaice ya ce, “Baba, ɗan buhun nan ne kawai ya rage.” Jumare zai yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya ce su ba su san darajar ƙarfe ba, in ya gama sai ya ce a ɗora. Sau da yawa har sai an kwantar da marfin baya an jera kaya a kansa an ɗaure da igiya.

Abin alfaharinsa a duniya kuwa ƙafarsa ta dama ce. Ba ya fizgar mota, ba ya gwara kan fasinja da gilashi. Ba ya son totur mai lako-lako, kullum sai ya sa an ɗame masa wayar totur ɗin ta yi tsam, yadda da babban yatsa kawai zai yi magana da inji. Marta, shugabar matan da ke sarin doya, ta daɗe ba ta ba kowa kayanta sai shi, kuma takan ce a motar Baba ne kaɗai take samun barci tun daga Mashegu har bakin kasuwa. Abin da Marta ta faɗa kuwa shi sauran matan ke bi, don haka lodinta shi ne ƙashin bayan aikinsa.

To, ana nan sai silon motar ya fara wasa da hankalinsa. Silo dai shi ne ɗan gurnanin nan da inji ke yi in mota tana tsaye a kunne ba a taka totur ba. Na motar Jumare a da ƙasa-ƙasa yake, har ka yi hira a gefenta ba ka ɗaga murya ba. Wata rana ya tsaya a shingen 'yan sanda, ya cire giya, sai inji ya ɗauki kuka yana hawa, yana hawa, kamar ana zuga shi. Jumare ba ya iya jin inji yana kururuwa a banza yana shan mai, ga fetur ya zama abin da ya zama, nan take ya murɗe makulli. Da ya sake tayarwa ya ɗan matsa gaba, sai ta koma lafiya lau, kamar ba ita ba.

Ya sauke kaya, ya wanke ta, ya kai ta wurin Ndatsu. Ndatsu Banufe ne, gajere mai tumbi, garejinsa yana ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a hanyar Yawuri, kuma tun da Jumare ya sayi motar babu hannun da ya taɓa injinta sai nasa. Ya buɗe bonet, ya karkata kai yana saurare. Mota tana ta gurnaninta a hankali, mai ladabi da ita.

“Baba Jumare, wannan silo ai ko sabuwar mota albarka,” in ji Ndatsu.

“Yanzu ne. Da ka ji ta ɗazu, da ka ce yanka ta ake yi.”

Ndatsu ya ce wataƙila datti ne. Ya kwance kafireta, wato tukunyar da ke haɗa mai da iska, ya wanke ta da fetur, ya hure ƙananan ramukanta, ya mayar. Jumare ya tafi da murna. Aka ɗan kwana biyu shiru, har ya fara yabon Ndatsu a tasha. Sai ga ta ta sake, a tsakiyar kasuwar Rijau, mutane suna juyowa suna kallonsa.

Daga nan aka shiga zarya. Ndatsu ya rage kusar silo, sai motar ta koma mutuwa a kowace mahaɗa, 'yan acaba suna yi wa tsoho ihu, dole aka mayar da kusar inda take. Ya canza ɗan sifirin da ke dawo da totur. Ya ɗaure cok, wato marfin da ke tare wa inji iska, da waya don kada ya riƙa rufewa da kansa. Ya guntsi fetur a baki ya fesa a kan tiyo-tiyon da ke kewaye da kafireta yana sauraron ko inji zai canza murya, don in akwai inda iska ke satar shiga nan take zai nuna, amma inji bai ko yi tari ba. Duk da haka ya canza gasket, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗin kafireta da inji, ya ce a rabu da zargi. Wayar totur ma ya zare ta ya zuba mata mai, ya ja ya saki, tana tafiya sumul. Aka kira mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, ya zo ya yi 'yan dube-dubensa, ya ce shi dai ɓangarensa babu laifi, wanda dama haka kowane mai wayarin yake cewa.

Jumare kuma a nasa ɓangaren ya zama mai bincike. Ya ce zafi ne, sai ta yi masa da sanyin safiya. Ya ce man 'yan bumburutu ne, ya daina saye a bakin hanya, yana bin layi a gidan mai har rana ta take, sai ta yi masa da man gidan mai cike da tanki. Ya taɓa zargin nauyi, amma ya ɗauko buhunan masara daga Rijau jere reras a cikin bodi har gida ba ta ce uffan ba, sai ya watsar da wannan tunani. Wani a tasha ya ce ko dai ya taka wani abu a dajin Mashegu ne, a nemo turare. Jumare ya ce in aljani ne to ya zo ya riƙa sayen man da yake sha.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, ko sau ɗaya motar ba ta taɓa yi a gaban Ndatsu ba. Za ta yi ta haukanta a hanya, da ya sauke kaya ya wanke ta ya shiga ƙarƙashin mangwaron nan, sai ta yi lakwas. Ya zauna a benci tun hantsi har azahar yana jiran ta yi, tana kallonsa yana kallonta. Ndatsu mutum ne mai haƙuri, amma har shi ya fara sosa ƙeya in ya hango shuɗin fenti ya karyo kwana.

“Baba, ni ciwon da na gani nake magani,” ya ce masa wata rana. “Wanda ban gani ba, me zan kwance? Na kwance duk abin da ke kwantuwa.”

“To ƙarya nake yi ke nan?”

“Subhanallahi, ni ban ce ba.”

Bai ce ba, amma Jumare ya ga inda idonsa ya sauka. A kan ƙafarsa ya sauka.

Ba a daɗe ba abin ya fito fili. Ya shigo kasuwar Kontagora da doyar Marta, yana lallaɓawa cikin cunkoso a giya ta ɗaya, ya ɗan saki kuloci, daidai lokacin silo ya hau. Motar ta yi tsalle ta ture teburin wata mai tumatir. Allah ya kiyaye ba a taka kowa ba, tumatir ne kawai ya yi ta gangara ƙarƙashin ƙafafun mutane. Amma kafin la'asar labari ya gama tasha, kuma kowa ya san 'yan tasha, ba sa ɗaukar labari su ajiye shi yadda suka same shi. Aka ce ƙafar Baba Tsafta ta fara rawa. Aka ce tsufa ne, yana danna totur bai sani ba. Wani ma ya rantse ya ga hannunsa yana karkarwa a teburin mai shayi, alhali babu wanda zai riƙe kofin shayin nan mai zafi hannunsa bai motsa ba.

A tafiya ta gaba Marta ba ta yi barci ba. Ta zauna a gaba ta ƙura wa ƙafarsa ido tun daga Mashegu. Da suka gangara wani kwari suka tsaya don shanu su wuce, sai inji ya ɗauka. Jumare ya ji wani daɗi ya kama shi, yau ga shaida.

“Madam, duba nan! Duba da idonki!”

Ya ɗage ƙafafunsa biyu sama. Da ya saki birki motar ta ɗan gangara ta daidaita a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuma a daidai wannan lokacin kukan ya sauka, ɗif. Marta ta dubi ƙafafun da ke sama, ta dubi fuskarsa.

“Ka gani ko, Baba? Da ka ɗauke ƙafa ta yi shiru.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige. Ya yi bayani har bakinsa ya bushe, ita kuwa sai “to, Baba” take cewa, irin “to” ɗin da ake yi wa marar lafiya.

Maganar ta bi shi har gida. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Zulkiflu ya zo, ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso inda za shi.

“Baba, ka yi mana komai. Yanzu lokacinmu ne mu yi maka. Ka ba wani motar ya riƙa ja, kai ka huta.”

“Na ce maka na gaji?”

“A'a, Baba. Amma mutane suna magana. Yau tumatir ne, gobe fa?”

Jumare ya juya ga matarsa Ramotu, yana jiran ta tsawata wa ɗanta. Ita da suka yi shekara da shekaru tare, ita da ta san irin tuƙinsa. Ramotu ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa.

“Malam, tsufa ba abin kunya ba ne,” ta ce a hankali. “In jikin ne, a je asibiti a duba.”

Wannan ta fi duk maganganun tasha yi masa ciwo. Ya tashi ya bar musu tsakar gidan. Abin takaicin shi ne, daga ranar shi ma ya fara shakkar kansa. Yakan zauna a kan dakali shi kaɗai ya miƙe ƙafar dama ya zuba mata ido, ko zai kama ta tana motsi. Wani lokaci ya ga kamar tana yi, wani lokaci ya ga kamar idonsa ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana taƙama da abu guda, yau ga shi yana gadin abin kamar ɓarawo. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san ranar da ya ajiye makulli, ba zai ƙara sanin ko shi wane ne ba.

Sai Marta ta same shi a tasha da kanta, don ita ba mai aike ba ce.

“Baba, matan nan sun tayar mini da hankali. Sun ce ba za su ƙara sa kayansu da rayukansu a motarka ba. Na roƙe su wannan zuwan, don mun riga mun yi magana. In mun dawo, sai dai ka yi haƙuri.”

Jumare ya ce ya ji. Bai roƙe ta ba, don bai iya ba.

Ranar tafiyar, doya ta yi araha a Mashegu, matan suka saya kamar ba za a sake nomawa ba. Bodi ya cika, aka kwantar da marfin baya aka yi ta jera manyan doya a kansa har suka zarce wutsiyar motar. Jumare bai ko yi faɗan da ya saba ba. Sauran matan suka hau motar haya, Marta kaɗai ta shiga gaba don rakiyar kaya. Hanya ta yi musu kyau har suka shigo gari. Suna hawa wani tudun kwalta da ke kusa da mahaɗar hanyar Yawuri, motar ta ɗauki kuka, irin wanda ba ta taɓa yi ba, kuma wannan karon ta ƙi sauka.

Hannunsa ya kai kan makulli zai kashe, sai ya tsaya. Kasuwa tana dama, garejin Ndatsu yana hagu. Tun da ya fara tuƙi bai taɓa ratsewa da kayan mutane ba. Ya dubi bonet ɗin da jar laka ta rufe, ya ji kunya, sannan ya ji haushin da ya fi kunyar ƙarfi. Ya karya sitiyari hagu.

“Baba, ina za ka kai mini doya?” Marta ta dafe ƙirji.

“Ki yi haƙuri, Madam. Yau sai an raba ni da motar nan, a san mai laifi.”

Da birki da kuloci ya yi ta riƙe ta har suka shiga ƙarƙashin mangwaro, tana ihu, hayaƙi yana tashi. Ndatsu ya fito daga ƙarƙashin wata mota da sifana a hannu, ya saki baki. Bai taɓa ganin motar nan da laka ba, balle da kaya. Jumare ya cire giya, ya ja birkin hannu, ya diro, ya tako har tsakiyar fili. Ya tuɓe takalmin dama ya ɗaga ƙafar sama yana tangaɗi a kan ɗaya.

“Ndatsu! Ga ni nan, ga ta can! Wa ke taka ta? Madam, leƙa ki gani, akwai ƙafa a kan totur? Jama'a ku zo ku shaida!”

Masu faci da masu walda na maƙwabta suka taru. Marta ta leƙa ƙarƙashin sitiyari, ta ɗago ta rufe baki da hannu. Motar kuwa ta ci gaba da kururuwarta babu kowa a ciki. Jumare yana dariya, idonsa ya kawo ruwa, ya daɗe bai ji sanyi a ransa irin na wannan lokacin ba.

Ndatsu ya ɗaga bonet, bai ko taɓa kafireta ba ya ga abin. Wayar totur ta miƙe ta ɗame kamar za ta tsinke, tana jan hannun kafireta da kanta. Ya bi ta da ido har inda ta shige jikin gidan direba, wato ɗakin gaba da ake zama a tuƙa, ya ga gidan ya ja baya daga inji da kusan faɗin yatsa biyu. Dariyar da shi ma Ndatsu ya fara ta tsaya. Ya ce kada a kashe, ya jawo kwali ya kwanta ya shige ƙarƙashi. Ya daɗe a can, har Jumare ya mayar da takalminsa.

“Baba, sunkuyo ka gani,” muryarsa ta fito daga ƙasa.

Jumare ya durƙusa. Casis, wato dogayen ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da mota tun daga kai har wutsiya, ya tsage daidai ƙarƙashin gidan direba, hagu da dama. Tsagar ta buɗe baki har Ndatsu ya zura yatsa a ciki.

“Kaya in sun yi nauyi a wutsiya, sai bayan ya danna ƙasa, nan ya buɗe,” in ji Ndatsu. “In ya buɗe, gidanka ya ja baya, ya ja waya. Kai kuma ba ka son waya mai sako-sako, ko kaɗan ta motsa sai inji ya amsa.”

“To kai duk shigar da kake yi ƙarƙashin nan ba ka gani ba?”

“Da me zan gani? Kullum wayam kake kawo mini ita. Babu kaya, tsagar ta haɗe bakinta kamar gashi, ga baƙin mai an fesa ya rufe. Da sau ɗaya ka kawo ta da kayanta da dattinta, da tuni mun gama.”

Jumare ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ndatsu ya sa aka fara sauke doyar da ke kan marfin baya. Ana saukewa kukan yana raguwa, kamar ana murɗa rediyo, tsagar tana rufewa a gaban idonsu, har inji ya dawo ɗan gurnaninsa na da. Marta ta zo ta tsaya a gabansa.

“Baba, ka yafe mini. Wallahi na zalunce ka. Zan faɗa wa matan nan da bakina, har tasha zan je in faɗa.”

“Babu komai, Madam,” ya ce, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Ya juya ga Ndatsu da sauran murnarsa. “To, a kira mai walda ya ɗinke ta. Gobe ina da Rijau.”

Mai walda dama yana cikin 'yan kallo. Ya karɓi guduma ya shiga ƙarƙashi, ya ɗan ƙwanƙwasa gefen tsagar don ya ji inda ƙarfe yake da rai. Bugu na farko, ɓawon tsatsa ya zubo masa a fuska. Ya matsa gaba ya buga, ya matsa baya ya buga, a wani wurin kan gudumar ya shige ciki gaba ɗaya. Ya fito yana kakkaɓe ido.

“Baba, kana ɗaukar taki da damina?”

“Duk shekara.”

“To shi ne. Ruwan taki ya bi ta ciki ya cinye ta, waje ne kawai yake ƙyalli. Babu naman da wuta za ta kama. In na liƙa nan, can zai ɓalle, kuma a kan hanya zai ɓalle, da mutane a ciki. Ni dai ba zan sa hannuna ba.”

Jumare ya dubi Ndatsu, yana jiran ya ce akwai dabara, don Ndatsu bai taɓa rasa dabara ba. Ndatsu ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa.

“Casis irin na wannan sai a wurin 'yan gwangwan, Baba, shi ma in an samu ruɓaɓɓe ne. Injinta lafiya lau, za a samu mai so. Amma yadda ka shigo da ita nan, Allah ne kawai ya kawo ku. Ba zan bari ka fita da ita ba.”

'Yan kallo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Marta ta koma gefe ta yi waya ƙasa-ƙasa, don doya ba ta jiran jimami. Can sai ga wata farar mota ta zo, aka kwashe kayan aka mayar cikinta. Jumare ya tsaya a kai har aka ɗora ta ƙarshe, ya tabbatar ba a fasa ko ɗaya ba, sannan ya miƙa hannu cikin tasa motar ya kashe inji. Ndatsu ya ce bari a kai shi gida a babur, Jumare ya ce a'a.

Ana kiran la'asar ya shiga gida. Zulkiflu yana nan ya kawo wa uwarsa ɗinki, Ramotu tana gwada rigar a jikinta. Suka yi masa sannu da zuwa. Ya tsaya a tsakar gida ya dube su.

“An gano abin,” ya ce. “A gaban mutane aka gano. Ba ƙafata ba ce. Ƙafata lafiyarta ƙalau.”

“Alhamdu lillahi!” Ramotu ta ajiye rigar, fuskarta ta washe. “Kai, Malam, ka yafe mana. Wallahi na ji daɗi.” Zulkiflu ya sunkuyar da kai yana cewa Baba a yi haƙuri.

Ta ɗebo masa ruwa a kofi, ta leƙa ƙofar gida, ta dawo.

“To ina motar? Ko ka bar ta wurin wanki?”

Jumare ya laluba aljihu ya ciro makullin motar. Ya zauna a bakin rijiya da makullin a hannunsa, Ramotu tana tsaye da kofin ruwa tana jira.